Jawabi ga masu moto: a duba taya kafin a tashi

An shirya wannan jawabi don a karanta shi a cibiyoyin karatun manya na gundumomin Madawa, Buza da Keita, cikin jihar Tawa. Malamin cibiya ya karanta sannu-sannu. In akwai moto kusa, a shigo da shi tsakiyar taro, kowa ya gani da idonsa, ya taɓa da hannunsa.



Yau moto, wanda wasu ke kira babur, ya shiga kowane gari na ƙasar Adar. Shi ke kai albasar Sabon Gida da ta gulbin Tarka bakin kwalta. Shi ke ɗauko hatsi daga gona. Shi ke kai malami makaranta, ya kai ɗan kasuwa Tunfafi ko Tamaske. Ɗan kabu-kabu da shi yake ciyar da iyalinsa. Samari da yawa sun yi shekara ko biyu wajen bida, a Najeriya, ko Abijan, ko Libiya, kuma kuɗin guminsu duka ya tafi ga moto guda.

Akwai wani aiki na moto da ya fi waɗannan duka nauyi. Tsakar dare mace na naƙuda, haihuwa ta ƙi zuwa. Ko yaro ya suma da zazzaɓin damina. Gidan likita na da nisa, mota kuwa babu. Sai a buga ƙofar mai moto. A irin wannan dare, in taya ta sace a tsakiyar daji, babu mai faci, babu wanda za a kira. Tayar nan kuwa ba a daren ta lalace ba. Ta yi kwana da kwanaki tana nuna alama, ba wanda ya duba ta.

Shi ya sa maganar yau ta fi ƙarfi bisa taya. Sauran gyaran moto zai biyo baya.

Iska ce ke ɗauke da kaya

Mota ƙafa huɗu gare ta. Moto biyu gare shi, babu ta uku. Wurin da kowace taya ke taɓa ƙasa bai wuce tafin hannun yaro ba. Bisa waɗannan wurare biyu ƙanana ne moto ke gudu, yake juyawa, yake tsayawa. Komi ƙarfin inji, komi kyawon birki, in taya ba ta kama ƙasa ba, aikin banza ne.

A da, ƙafar keke roba ce zalla, babu iska ciki. A shekarar 1887 wani likitan dabbobi mai suna Dunlop, a birnin Belfas na tsibirin Ailan, ya ga ɗansa na shan wahala bisa ƙaramin kekensa. Sai ya yi masa taya mai iska. A 1891 waɗansu ƴan'uwa biyu a Faransa, masu suna Michelin, suka fito da tayar da ake iya cirewa a yi mata faci a mayar. Tun daga lokacin har yau dabarar ba ta sake ba: iska ce ke ɗauke da nauyi, roba gidanta ce kawai.

Galibin baburan ƙauye suna da tub, wato robar ciki mai riƙe iska. Tub na da baki guda, shi ne bawul. Ko babu huda, iska na zurarewa kaɗan-kaɗan ta jikin robar. Wanda ya sa iska ran sallah, ya ce ya gama har wata sallah, ya yaudari kansa.

Mutane da yawa na cewa ƙaya da dutse ne ke kashe taya. Gaskiya ne suna da nasu laifi. Amma manyan maƙiyan taya biyu ne, kuma duka daga hannun mai moto suke fitowa: ƙarancin iska da yawan kaya.

Iska nawa za a sa?

Matsa taya da yatsa ko harbin ta da ƙafa ba awo ba ne. Taya na iya rasa kashi ɗaya cikin huɗu na iskarta, yatsa bai sani ba. Awo sai da ma'aunin iska. Masu faci da yawa na da shi. Akwai kuma ƙarami da ke shiga aljihu. Masu moto na gari guda na iya haɗa kuɗi su saye shi tare da famfo, a ajiye wurin mutum ɗaya amintacce.

Kamfanin da ya ƙera moto ya rubuta yawan iskar da ta dace. Rubutun na cikin ɗan littafin da ke zuwa da moto. Sau da yawa kuma an manna shi kusa da sarƙa. Ga ƙananan baburan da aka saba gani, masu lamba 100 zuwa 125, awon ba ya nisa da wannan:

Tayar gaba: kilo 1,75.
Tayar baya, mutum ɗaya: kilo 2.
Tayar baya, da goyo ko kaya: kilo 2,25.

Wani ma'auni na ƙirga da lambobi dabam. A bisansa za a ga 25 gaba, 29 baya, 33 in da kaya. Duka abu ɗaya ne. In rubutun da ke jikin moto ya saɓa da wannan, a bi na jikin moto.

A yi awo da safe, taya na da sanyi, kafin a yi tafiya. Sau ɗaya a sati aƙalla. Ɗan kabu-kabu da mai dakon kaya su yi kowace safiya ta kasuwa. Taya in ta yi tafiya takan yi zafi, iskarta ta ƙaru. Haka aka yi ta, ba cuta ba ce. Cikin bazara, a watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce awo 40, waɗansu na tsayawa kan hanya su rage iska don tsoron fashewa. Kuskure ne. Da taya ta huce, iskar ta yi kaɗan ke nan.

Abin da ƙarancin iska ke yi

Taya mai ƙarancin iska na lanƙwashewa a kowane juyi. Lanƙwasar nan na haifar da zafi, zafi na cin zaren da ke cikin robar. Tayar da ta fashe bisa kwalta tsakanin Madawa da Maradi da tsakar rana, sau da yawa ba yawan iska ya fasa ta ba. Ƙarancinta ne, ga kaya, ga gudu.

Na biyu, bisa duwatsun Keita da Buza, taya mai laushi na barin ƙarfen ƙafa ya daki dutse. Ƙarfe da dutse su danne tub a tsakani. In an buɗe sai a ga huda biyu gefe da gefe, kamar saran maciji. Duk wanda ya ga wannan alama ya san ba ƙaya ba ce.

Na uku, taya mai laushi na zamewa bisa ƙarfen ƙafa in an taka birki. Tana jan tub tare da ita, har bawul ya tsinke daga gindi. Iska ta fita gaba ɗaya, kuma wannan huda ba ta da faci. Akwai alamar da ke riga ta zuwa: bawul da ya kamata ya tsaya tsaye sai a gan shi ya karkata. In an ga haka, a sace iskar, a gyara zaman taya, a sake sa iska daidai.

Na huɗu, taya mai laushi na sa moto nauyi, inji ya ƙara shan mai. Tun watan Mayu na 2023, da Najeriya ta janye tallafin man fetur, kowa a garuruwan bakin iyaka ya ji yadda kwalbar mai ta yi tsada. Iska kuwa kusan kyauta ce.

Yawan iska ma na da nasa lahani. Taya ta yi tauri, tsakiyarta kaɗai ke taɓa ƙasa, can take cinyewa. Bisa gargada moto ya riƙa tsalle, birki ya rasa abin kamawa. Daidai shi ne daidai.

Lissafin kaya

Jaki in kaya sun fi ƙarfinsa sai ya durƙusa, mai shi ya rage. Moto ba ya durƙusawa, shi ya sa ake zaluntar sa. Amma a gefen taya an rubuta iyakar nauyin da take ɗauka. Ga irin waɗannan babura, tayar baya kan ɗauki kilo 175 zuwa 200.

A yi lissafi bisa allo. Moto da kansa kamar kilo 110. Mai tuƙi kamar kilo 65. Buhun hatsi biyu, kowane kilo 100. An haɗa: kilo 375. Buhunan na zaune daidai bisa ƙafar baya, don haka kusan kilo 300 na kan taya ɗaya, wadda aka yi don 200. Ranar farko ba ta fashewa. Ta biyu ma haka. Amma zarenta na tsinkewa ɗaya-ɗaya a ciki, inda ido ba ya gani.

Kaya masu yawa a baya na kuma ɗaga gaban moto. Tayar gaba ta rage kama ƙasa, kan moto ya riƙa rawa. Hawan dutsen da ke kan hanyar Buza ko Garhanga, nan ne ake ganin moto ya miƙe tsaye ya zubar da mai shi.

Buhu ɗaya a sawu biyu ya fi buhu biyu a sawu ɗaya. In kaya sun zama tilas, a ƙara iskar baya, a ɗaure su ƙasa-ƙasa kusa da mai tuƙi, a daidaita dama da hagu, a rage gudu.

Kowace ƙasa da halinta

Wanda ya tashi daga Urno ko Bangi zuwa Madawa, ya wuce Buza har Keita, zai taka ƙasa iri huɗu ko biyar. Taya ɗaya ce, amma halinta na sakewa.

*Kwalta.* Nan taya ta fi kamawa, nan kuma aka fi gudu, nan aka fi mutuwa. Abin tsoro shi ne rairayin da iska ke zubawa a kan kwana, da ruwan farko na damina. Ruwan farko na haɗuwa da ƙura da baƙin man da motoci suka zubar, hanya ta yi santsi kamar an shafa sabulu. Zanen da ke bisa taya shi ke kore ruwa. Suɗaɗɗiyar taya ba ta da abin kore shi.

*Jar hanya mai tsakuwa.* Tsakuwa na gangarawa ƙarƙashin taya. A taka birki da wuri, a hankali, moto na tsaye sosai. Birkin gaba da ƙarfi a cikin kwana shi ne faɗuwa. Gargada kuma na kwance ƙusoshi, don haka a bi su da sifana bayan doguwar tafiya.

*Dutse.* Duwatsun fako na da kaifi, gefen taya suke yanka. Nan ake son iska cikakkiya da tafiya sannu.

*Rairayi.* A jigawa, rage iska kaɗan na taimako, don taya na ƙara faɗi. Amma sai mai famfo ya yi haka. Da ya fita rairayi ya mayar da iskar, tun bai kai dutse ko kwalta ba.

*Laka da ƙorama.* A fadamun Magiya da Tarka, laka na cika zanen taya har ta zama kamar suɗaɗɗiya. A tsaya a kankare da ice. Ƙorama kuwa in ta kawo ruwa, babu tayar da aka yi dominta. Ruwan da ya kai gwiwa yana gudu na iya tafiya da moto da mai shi. A zauna a jira, ba ya daɗewa yake janyewa. Bayan ƙetare ruwa birki na jiƙewa, ba ya kamawa. A riƙa taɓa shi sannu-sannu ana tafiya har ya bushe.

Maganar ƙaya

Tun 1975 aka soma dasa layukan itace a gulbin Magiya, cikin ƙasar Buza, don tare iska: dogon yaro da bagaruwa. A 1984 babban aikin raya karkara na Keita ya soma, da taimakon ƙasar Italiya da hukumar FAO. An dasa itace masu yawan gaske, an yi madatsun ruwa, an buɗe hanyoyin ƙauye. Mata ne suka yi mafi yawan aikin. Itacen nan arziki ne, su suka riƙe ƙasa. Amma da yawansu masu ƙaya ne, ga kuma aduwa da magarya da gawo da Allah ya shuka.

Ƙaya ba ta zuwa tsakiyar hanya da kanta. Mai shingen garka ne ke jan reshe ya bar guntaye. Makiyayi ne ke sare wa awaki ya tafi. Kauda ƙaya daga hanya sadaka ce, kuma aikin gari ne duka. Mai moto shi ma ya bi sawun da aka saba bi, ya bar yanke ta ƙarƙashin itace.

Ƙaya ba kullum take huda tub nan take ba. Takan maƙale cikin roba, kowane juyi ya ƙara tura ta. Wanda ya dawo gida da marece ya juya ƙafa ya cire ta, ya tsira. Sabuwar taya mai kauri kuma ta fi suɗaɗɗiya tsare ƙaya nesa ba kusa ba.

Faci mai kyau

Kafin a cire tub, a sa alama wurin bawul, don a gane inda huda ta faɗa a jikin taya. A sa iska, a tsoma tub cikin ruwa, kumfa zai nuna wurin. A shanya shi. A kankare kewayen hudar har ya yi kaushi. A shafa sholisho siriri, a jira ya sha iska har ya bar manne wa yatsa. Sa'an nan a ɗora faci a danne sosai. Mai gaggawa da ya ɗora faci bisa ɗanyen sholisho, gobe zai sake buɗewa.

Kafin a mayar, a bi cikin taya da tsumma a nemo ƙayar. In an bar ta, za ta sake hudawa tun ba a bar gari ba. A duba robar da ke rufe kawunan wayoyin ƙafa, kada ɗaya ya fito ya soki tub. A sa wa tub ƴar iska kafin a tura shi, don kada ƙarfen buɗe taya ya cije shi.

Ba a faci bisa faci. Ba a faci gindin bawul. Tub da ya cika faci ya gama aikinsa, sai a yanka shi a yi igiyar ɗaure kaya. Tayar da gefenta ya tsage, ko ta yi ƙulu kamar maruru, ba ta da magani. Ɗinke ta da zare na iya kai mutum gida sannu-sannu, amma ba ta sake komawa kasuwa.

Waɗansu sababbin babura ba su da tub. Ƙafarsu ƙarfe ce zubi ɗaya, babu wayoyi. Tayarsu in ƙusa ta shiga, iska na fita a hankali, kuma ana toshe hudar daga waje. Amma in bakin ƙarfen ya lanƙwashe bisa dutse, iska ba ta zama.

Karatun gefen taya

A nan ne mai karatu ya fi wanda bai yi ba. Gefen taya cike yake da rubutu, kuma mai shago ba zai karanta wa kowa abin da zai hana shi ciniki ba.

Akwai lambar girma, kamar 2.75-17 ko 3.00-18. Ta farko faɗin taya ce, ta biyu girman ƙarfen ƙafa. A sayi irin wadda ta zo da moto. Tub ma na da tasa lamba, ta dace da ta taya.

Akwai kibiya. Tana nuna inda taya za ta riƙa juyawa in moto na tafiya gaba. A tsaya bisa kan mai faci, kada ya juya ta.

Akwai ranar haihuwa. Tayoyi da yawa na da lambobi huɗu cikin ɗan zobe. Biyun farko sati ne, biyun ƙarshe shekara. In an ga 1524, an yi tayar a sati na 15 na shekarar 2024. Roba na tsufa ko ba a hau ta ba. Rana na busar da ita, fetur da baƙin mai na cin ta. Tayar da ta shekara biyar a riƙa duba ta da kyau. In ta soma tsattsagewa kamar ƙasar tabki da rani, kwananta ya ƙare, ko zanenta na nan. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Akwai alamar ƙarewa. A gefe za a ga ƴar alama mai kusurwa uku, ko haruffan TWI. Daidai wurin, cikin kwarin zane, akwai ɗan tudu. Ranar da saman taya ya yi daidai da tudun nan, a sake ta. Kada a jira zare ya fito. Tayar baya ta fi saurin cinyewa, don ita ke turawa, ita ke ɗaukar kaya. Amma ta gaba ta fi haɗari: in baya ta zame ana iya gyarawa, in gaba ta zame sai ƙasa.

Tayar gwanjo na da araha, amma ba wanda ya san wahalar da ta sha. Araha ba ta ado. Sabuwar taya ita ma na da santsi a farko. A yi kilomita 100 na fari a hankali, ban da kwantawa a kwana.

Sauran jikin moto

*Sarƙa.* A tura tsakiyarta sama da ƙasa da yatsa. Wasanta ya zama santimita 2 zuwa 3, kamar faɗin yatsa biyu. In ta yi tsauri tana cin kanta. In ta yi sako-sako tana iya fita ta sarƙe ƙafar baya ana cikin gudu. Wurin ɗaure ta akwai layuka dama da hagu. A sa su daidai, in ba haka ba ƙafar ta karkace, taya ta cinye gefe ɗaya. Mai da ƙura in sun haɗu sun zama dutsen niƙa. Don haka a wanke sarƙa da kananzir tukuna, sa'an nan a sa mata mai kaɗan. In haƙoran faifanta sun yi tsini sun lanƙwashe, a sake su tare da sarƙar gaba ɗaya.

*Wayoyin ƙafa.* A bi su da ƙaramin ƙarfe ana bugawa. Mai ƙarfi na ƙara siririya, mai sako-sako na ƙara a dushe. Waya ɗaya in ta tsinke tana jawo maƙwabtanta, ƙafa ta soma layi.

*Baƙin mai.* Shi ne jinin inji. A duba sandar awo kowace safiya, moto na tsaye daidai bisa ƙasa shimfiɗaɗɗa. Ƙaramin inji bai cika wuce lita ɗaya ba, don haka ragi kaɗan ma babba ne. Sabon moto a yi masa juyen farko da wuri, yadda littafinsa ya ce. Bayan haka, mai aiki cikin ƙura da zafi kada ya jira iyakar da littafi ya yanke, ya riga ta. A yi juye inji na da ɗumi. A nemi mai cikin galan rufaffe. Tsohon mai kada a zuba shi kusa da rijiya ko garka.

*Matacin iska.* Inji na shaƙar iska kamar mutum. Lokacin hunturu da buji, matacin na toshewa da sauri, moto ya rasa ƙarfi, ya ƙara shan mai. Na soso ana wanke shi, a shanya, a shafa masa mai kaɗan. Na takarda ba ya son ruwa, kakkaɓewa ake, in ya yi baƙi a sake. Kada a cire shi a yi tafiya haka nan, rairayi zai shiga ya ci inji.

*Fulogi.* A kwance shi a duba bakinsa. In ya yi launin ƙasa, lafiya lau. In ya yi baƙi da hayaƙi ko ya jiƙe da mai, a kai wa bakanike. A ajiye sabo ɗaya cikin jakar kayan aiki.

*Birki.* Na hannu ya kama bayan wasa kaɗan, kada ya kai ga taɓa hannun moto. Na ƙafa kada ya nutse har ƙasa. In an ji ƙarar ƙarfe bisa ƙarfe, fatar birki ta ƙare. Masu moto da yawa na tsoron birkin gaba, har waɗansu na cire shi. Alhali bisa busasshiyar kwalta shi ke yin mafi yawan aikin tsayawa. A koyi kama su biyun tare, a fili, ba ranar haɗari ba.

*Fitila.* Ta gaba don a gani, ta baya don a gan ka. Amalanke da shanu ba su da fitila, babbar mota kuma ba ta tsayawa da sauri.

*Hular kwano.* Hukumar lafiya ta duniya, a rahotonta na 2023, ta ce mutum miliyan 1 da dubu 190 ke mutuwa kowace shekara bisa hanyoyin duniya, kuma Afirka ce abin ya fi yi wa ɓarna in an gwada da yawan jama'a. Rawani na tare ƙura, ba ya tare dutse. Hula kuma sai an ɗaure igiyarta take aiki.

Aikin safe

Duk wannan ba ya cin lokacin da shayi ɗaya ke ci. Kafin a tada moto:

1. A juya ƙafa biyu, a nemi ƙaya, ƙusa, tsaga ko ƙulu.
2. A duba iska, a duba tsayuwar bawul da murfinsa.
3. A taɓa sarƙa.
4. A duba baƙin mai.
5. A gwada birki biyu.
6. A kunna fitilu, a busa oda.

Mai tafiya nesa kada ya rabu da famfo, da tub sabo ɗaya, da faci da sholisho, da ƙarfen buɗe taya biyu, da sifana, da tocila.

Ya kuma sami ƙaramin littafi. Ya rubuta ranar da ya sa taya, da ranar juyen mai, da lambar kilomita ta ranar. Bayan shekara zai san da kansa wace taya ce ta fi daɗewa bisa hanyar garinsu, ba sai mai shago ya faɗa masa ba. Ɗan kabu-kabu ya ware wani abu kullum daga cinikinsa, ko dala ashirin ce, ya sa wa suna kuɗin taya. Ranar da alamar ƙarewa ta fito, ba sai ya ci bashi ko ya sayar da akuya ba.

Moton da za a buga wa ƙofa tsakar dare ba na mai shi kaɗai ba ne. Gari duka na da rabo cikinsa. Ya kwana da iska daidai, da mai cikin tanki, da fitila mai kamawa. Ba wanda ya san daren da za a neme shi.

Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gida lafiya.

Tambayoyi don tattaunawa a cibiya

1. Moto nawa ne a garin nan? Ma'aunin iska nawa ne?
2. A karanta gefen tayar da ke tsakiyar taro. Mene ne girmanta? Wace shekara aka yi ta? Kilo nawa take ɗauka?
3. Moto kilo 110, mai tuƙi kilo 70, goyo kilo 60, buhu kilo 50. Nawa ke nan duka?
4. Daga nan zuwa gidan likita mafi kusa, ina ne wurin da taya ta fi lalacewa? Me gari zai iya yi wa wurin kafin damina?